A gwada gini a kwamfuta tun kafin a haƙa tushensa

Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mai farin jini domin mu yi magana da masu ba da aikin gini, gwamnati ce ko 'yan kasuwa ko kwamitin masallaci, da kuma abokan sana'armu masu zanen gine-gine da injiniyoyi. Abin da ya dame mu shi ne yadda manyan benaye masu fuskar gilashi ke ta tashi a Kano da Kaduna da Sakkwato da Abuja ba tare da an auna tun a zane irin zafin da za su tara da hasken da za su samu ba. Duk wanda ya shiga irin waɗannan ofisoshi da la'asar a watan Afrilu ya ga abin da idonsa: an ja labule an rufe gilashin da aka kashe miliyoyi a kansa, an kunna fitilu alhali rana na waje tana ƙuna, esi na ta gurnani, janareta na shan dizal a bayan gini. Wannan asara ce da ake iya hangowa tun ba a sayi buhun siminti ko ɗaya ba, kuma kayan hangota suna nan, da yawansu ma kyauta ne.

Aikin shi ne a gina ginin a cikin kwamfuta, da bangonsa da rufinsa da tagoginsa da mutanen da za su zauna a ciki, sannan a sa masa yanayin garin na shekara guda, awa bayan awa, awa 8,760. Manhajar da aka fi dogaro da ita wajen lissafin zafi ita ce EnergyPlus, wadda Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta fitar a 2001. Kowane minti goma ko goma sha biyar tana lissafa zafin da ya shigo ta kowane bango da taga, da wanda jikin mutane da fitilu da na'urori suka fitar, da wanda iska ta kwashe, ta faɗi zafin ɗakin ko yawan wutar da esi zai sha kafin ya sanyaya shi. Ta fannin haske kuwa akwai Radiance, wadda Greg Ward ya fara rubutawa a tsakiyar shekarun 1980 a cibiyar bincike ta Lawrence Berkeley da ke Kalifoniya. Ita tana bin sawun haske ne daga kan teburi ta koma baya, daga bango zuwa silin zuwa taga har sararin sama. Manhajojin OpenStudio da DesignBuilder da Ladybug da Honeybee kamar riguna ne da aka ɗinka wa waɗannan injuna biyu domin a ji daɗin aiki da su.

Najeriya ma ba ta rasa ƙa'ida ba. A 2017 Ma'aikatar Wutar Lantarki da Ayyuka da Gidaje ta Tarayya, da tallafin hukumar GIZ ta Jamus, ta ƙaddamar da ƙa'idar tattalin makamashi a gine-gine. A ciki an ce tagogi kada su wuce kashi 20 cikin 100 na faɗin bango sai an yi musu inuwa, fitilu kada su wuce wat 6 a kowace murabba'in mita a gidan zama da wat 8 a ofis, a sa wa rufi abin tare zafi mai ƙarfin 1.25 a ma'aunin tare zafi, esi kuma ya zama mai inbata wanda ke kwashe aƙalla kilowat 2.8 na zafi da kowane kilowat ɗaya na wuta. Wanda bai so ya bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya ba, an ba shi damar ya nuna ta hanyar gwajin kwamfuta cewa gininsa bai fi wanda ya bi su shan wuta ba. Ƙa'idar tana da kyau, sai dai jihohi ne ke ba da izinin gini, kuma sai sun ɗauke ta sun sa a sharuɗɗansu za ta yi aiki.

Amma mu faɗa tun da wuri, kwamfuta ba boka ba ce. Abin da ka zuba mata shi za ta dafa maka. Mafi yawan rahotannin da ke ɓatar da mai gini ba manhajar ce ta yi kuskure ba, mai aikin ne ya bar alƙaluman da suka zo da ita daga ƙasashen sanyi bai taɓa su ba.

Farkon abin dubawa shi ne fayil ɗin yanayi, wanda ake kira EPW. A cikinsa akwai zafin iska da danshinta da ƙarfin rana da gudun iska na kowace awa. Ana samun na Kano da Sakkwato da Maiduguri da Abuja da Yamai da Damagaram. Kada a yarda a yi wa ginin Katsina gwaji da fayil ɗin Legas don shi aka samu a kusa. Legas matsalarta danshi ne, dare da rana zafin bai cika bambanta ba. Kano kuwa da rani rana kan kai digiri 40, a hunturu asuba kan sauka ƙasa da 15, kuma tsakanin tsakar rana da asuba akan sami tazarar digiri goma sha biyar. Maganin wannan daban, na wancan daban. Ko an sami fayil ɗin da ya dace, a buɗe shi a zana zafin wata-wata a kwatanta da bayanan hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, kafin a ci gaba. A kuma tuna abu biyu. Na ɗaya, a filin jirgin sama ake ɗaukar yawancin awon, inda iska ke kaɗawa a sarari, ba kamar tsakiyar Kantin Kwari ba inda kwalta da kwano ke riƙe zafi har dare. Na biyu, fayil ɗin na shekara ce matsakaiciya da aka harhaɗa daga shekaru da dama, saboda haka bai ƙunshi makon da ya fi kowanne tsanani ba. Wanda zai zaɓi girman esi sai ya yi amfani da ranar gwaji ta musamman mai tsananin zafi, ba matsakaicin shekara ba.

Sai tafiyar rana, kuma a nan ne littattafan Turai suka fi ruɗa ɗalibanmu. Kano tana kan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya. Rana tana bi ta tsakiyar kai sau biyu a shekara, wajen 21 ga Afrilu da wajen 21 ga Agusta, kuma tsakanin waɗannan ranaku tana karkata arewa ne da azahar, ba kudu ba. To amma ko ta karkata tana sama sosai, a 21 ga Yuni tsayinta da tsakar rana digiri 79 ne. Tagar arewa mai tsayin mita 1.2 rumfar kankare ta santimita 25 a samanta ta ishe ta a wannan lokaci. Tagar kudu ta fi buƙata, domin a 21 ga Disamba rana kan sauko zuwa digiri 55, sai an fitar da rumfar santimita 85 kafin inuwa ta rufe ta duka. Duk waɗannan birkila na iya yinsu ba tare da wata wahala ba. Tagar yamma ce babu dabara mai sauƙi a kanta. Da ƙarfe huɗu da rabi na yamma a watan Afrilu rana ta sauko zuwa wajen digiri 30, tana kallon tagar ido da ido, a daidai lokacin da iskar waje ba ta huce ba kuma bangon ya sha zafin yini. Rumfar da za ta kare tagar nan sai ta kai mita biyu. Wato baranda ke nan, ba rumfa ba.

Mu sa alƙaluma a kai. Ɗauki ofis mai bangon yamma na mita 8 a tsawo, mita 3 a tsayi, murabba'in mita 24 ke nan. An sa gilashi a kashi 60 cikin 100, murabba'in mita 14.4. Mu ƙaddara rana na zuba wat 600 a kowace murabba'in mita ta bangon a wannan awa. Farin gilashi na milimita 6 yana barin kusan kashi 80 cikin 100 na zafin rana ya wuce. Idan aka ninka, zafin da ke shigowa ya kusa kilowat 7. Esin da ake kira mai doki ɗaya da rabi a kasuwa kilowat 3.5 yake iya kwashewa, saboda haka esi biyu cur suna aiki ne don gilashin kawai. Mutum takwas da ke zaune a ofis ɗin, kowanne yana fitar da wat 130, dukansu kilowat ɗaya ne da ɗan ɗoriya. Wutar da za a ƙona wajen kwashe zafin tagar ta kai kilowat 2.5 a awa, kuma a farashin naira 225 kan kowane kilowat na awa da aka sa wa masu amfani da wuta na rukunin A a watan Afrilun 2024, sama da naira 550 ke nan a awa guda a ɗaki guda. Idan janareta ne, lita ɗaya ta dizal ba ta cika ba da fiye da kilowat 3 zuwa 3.5 na awa ba, sai mai karatu ya yi nasa lissafin. Da an tsaya a kashi 20, zafin zai sauka zuwa kilowat 2.3, da an juya doguwar fuskar ginin ta kalli arewa da kudu kuma da ya ragu fiye da haka. Wannan lissafin hannu ne na awa ɗaya. Amfanin kwamfuta shi ne ta yi shi ga kowace taga a kowace awa ta shekara, tare da inuwar ginin maƙwabci da ta bishiyar da ke tsakar fili.

Mutane da yawa suna ganin baƙin gilashi ya raba gardama. Bai raba ba. A takardar masana'anta akwai lambobi biyu da ya kamata a nema, kason hasken da ke wucewa da kason zafin da ke wucewa, wanda ake rubutawa SHGC. Farin gilashi yana barin haske kashi 88, zafi kashi 82. Mai launin toka na milimita 6 yana rage haske zuwa wajen kashi 45, amma zafi bai sauka ƙasa da kashi 58 zuwa 60 ba, domin gilashin kansa yana shan rana ya yi zafi ya juye wani kaso ciki. Ka rasa rabin haskenka, ka rage kashi ɗaya cikin huɗu kawai na zafi, sannan ka kunna fitila ta ƙara maka wani. Gilashin da ke biyan buƙata shi ne mai ruɓi biyu da aka yi wa shafe na musamman, wanda ke barin haske kashi 60 zuwa 70 ya tsayar da zafi a ƙasa da kashi 40, sai dai tsada gare shi kuma idan ya fashe samun irinsa aiki ne. A ganinmu, ga yawancin gine-ginen Arewa, farin gilashi a ƙarƙashin inuwa mai kyau ta waje ya fi. Labule na ciki kuwa yana kare ido ne kawai, zafin ya riga ya shigo ɗaki. A gwaji, kada a karɓi gilashin da manhaja ta zaɓa da kanta, a sa lambobin wanda ɗan kwangila zai iya samowa a kasuwa da gaske.

A gini mai hawa ɗaya, kamar aji ko ɗakin shan magani, rufi ne babban mai laifi. Kwano mai duhun launi yana shan kashi 80 zuwa 90 na zafin rana, da azahar a bazara yakan haura digiri 70, ya riƙa gasa silin daga sama, silin kuma ya gasa kawunan yara. Farin kwano sabo yana shan wajen kashi 30 ne, amma bayan hunturu ɗaya ƙura ta hau shi ba zai ci gaba da haka ba, don haka a gwaji a sa masa kashi 45 zuwa 50 domin kada a yaudari kai. Ƙarfin tare zafi na 1.25 da ƙa'idar 2017 ta nema ba wani abu ne mai nisa ba, audugar gilashi mai kaurin milimita 50 a shimfiɗe a kan silin ta cika shi. Sharaɗin shi ne a shimfiɗa ta ko'ina babu giɓi, kada mai aikin waya ya zo daga baya ya ture ta gefe ya tafi, kuma a bar ƙofofin iska a ƙarƙashin kwanon da raga a bakinsu don jemagu da tsuntsaye.

Yanzu ga tarkunan da ba a gani sai an tona. EnergyPlus, idan ba a gaya mata zafin ƙasar da ke ƙarƙashin daɓe ba, tana ɗaukar digiri 18 duk shekara. A Kano matsakaicin zafin shekara ya kai wajen digiri 26, ƙasa ba za ta yi sanyin 18 ba. Wanda ya bar wannan lamba, kwamfuta za ta nuna masa daɓe yana shanye zafi kamar randa, ɗakin ƙasa ya fito da sanyin da ba shi da shi. Gyaran shi ne a yi amfani da sashen manhajar da ke lissafa zafin tushe, wanda ake kira Kiva, ko a shigar da zafin ƙasa na wata-wata da hannu. Haka jadawalin zama, wanda ya zo da manhajar na ofishin Amurka ne, har da na'urar ɗumama ɗaki da babu mai sa ta a nan. A cire shi a rubuta na gaskiya: ƙarfe nawa ake buɗewa, mutum nawa ke shiga, ana tashi da wuri ran Juma'a, yaya azumi ke sauya lokutan aiki. Ajin da aka zana wa ɗalibi 40 idan an san 80 za su zauna, a sa 80. Sannan babbar magana, manhajar ta ɗauka wuta ba ta ɗaukewa. Lallai ne a yi gwaji na biyu, a kashe esi da fanka daga sha biyun rana zuwa biyar na yamma a mako mafi zafi, a ga inda zafin ɗakin zai kai. Ginin da ba ya zaunuwa idan an ɗauke wuta na awa biyu bai dace da ƙasar nan ba, ko da ya ci kowace jarrabawa a takarda.

Shigar iska ma haka. Tagar alminiyom mai zugewa rabinta kawai ke buɗewa, ragar sauro na rage iskar da ke ratsawa, ƙarfen tsaro na cin nasa kason. Wanda ya gaya wa kwamfuta cewa tagar mita 1.2 tana buɗewa gaba ɗaya ya ninka iskar da babu ita. Kuma shawarar a bar tagogi a buɗe da dare don gini ya huce, wadda take da kyau ƙwarai a lissafi, sai a tambaya ko masu gadi za su yarda, ko kuma za a jure ƙurar hunturu a kan takardu da na'urori. Idan ba za a buɗe ba, kada a sa a gwaji cewa an buɗe.

Wane zafi ne ma ake nema a ɗakin? Ga ginin da ba shi da esi, ƙa'ida ta 55 ta ƙungiyar injiniyoyi ta ASHRAE ta yarda cewa jiki yana sabawa da yanayin garinsa. A ninka matsakaicin zafin waje na kwanakin baya da 0.31 a ƙara 17.8. Idan matsakaicin 30 ne, zafin da ya fi daɗi 27 ne, kuma mutum takwas cikin goma za su jure har 30.6. Fankar silin mai kaɗa iskar mita 1.2 a daƙiƙa tana ƙara digiri 2.2 a kan haka. Fanka kuwa wat 60 zuwa 75 take sha, esi fiye da dubu. Shi ya sa muke ganin kuskure ne a auna makaranta da mizanin digiri 24 na otal. Sai dai lissafin yana tsayawa ne idan matsakaicin waje ya wuce 33.5, abin da Sakkwato da Maiduguri kan taɓa a bazara, a irin waɗannan makonni kada a dogara da shi.

Mu zo kan haske. Har yau ana koyar da wani tsohon mizani da ya samo asali a Ingila, wanda ke auna kason hasken waje da ya iso cikin ɗaki a ranar da gajimare ya rufe sama ruf, a ce kashi 2 cikin 100 ya wadatar. An yi shi ne don sararin Landan. Babu rana a cikin lissafinsa sam, saboda haka tagar yamma da tagar arewa maki ɗaya yake ba su, kuma kullum yana tura mai zane ya ƙara girman taga. A ƙasar da hasken rana a fili yakan kai laks 100,000 (laks ma'aunin haske ne), alhali karatu da rubutu laks 300 zuwa 500 suke buƙata, matsalarmu ba ƙarancin haske ba ce, tace shi ne. Mizanin da ya dace shi ne na shekara guda, wanda ƙungiyar injiniyoyin haske ta Amurka ta tsara a 2012. Ana shimfiɗa ɗigo-ɗigo a ɗakin a tsayin teburi, santimita 75 zuwa 80 daga ƙasa, tazarar rabin mita tsakaninsu. Tambaya ta farko, kashi nawa na ɗakin ke samun laks 300 a aƙalla rabin lokacin aiki, daga takwas na safe zuwa shida na yamma? Ana son kashi 55, idan an kai 75 an yi kyau. Tambaya ta biyu, kashi nawa ne rana ke faɗa wa kai tsaye da fiye da laks 1,000 na sama da awa 250 a shekara? Kada ya wuce kashi 10. Dole a karanta su tare. Ginin gilashi yakan ci ta farko da maki mai yawa ya faɗi ta biyu warwas, kuma faɗuwar nan ita ce labulen da ake ja ba a sake buɗewa.

A wajen saita Radiance akwai kurakurai uku da ke maimaituwa. Ana barin adadin tsallen haske daga bango zuwa bango a ɗaya ko biyu don gwajin ya yi sauri, sai ƙuryar ɗaki ta fito da duhun ƙarya, a ƙalla a sa biyar ko shida. Ana zana bango siriri kamar takarda, alhali bulo mai inci tara da filasta ya kai santimita 25 kuma yana yi wa tagar inuwa. Ana kuma sa wa fenti hasken da ba shi da shi. Farin silin yana mayar da kashi 70 zuwa 80 na haske, bango mai haske kashi 50, daɓe kashi 20, amma bangon ajin da aka shafa wa shuɗin fenti mai duhu har rabi ba zai kai haka ba. A rage wa gilashi wani kaso saboda ƙura, tunda ba kullum ake wanke shi ba. Abin da gwaji ke nunawa kusan kullum shi ne tsayin taga ya fi faɗinta amfani. Haske mai amfani yana shiga ɗaki ninki biyu na tsayin kan tagar daga ƙasa, taga mai kai a mita 2.1 tana haska mita huɗu da ɗan abu. Aji mai faɗin mita 7 sai an ba shi tagogi ta gefe biyu, ko a ɗaga kansu zuwa kusa da silin. Gilashin da ke ƙasa da tsayin teburi kuwa zafi kawai yake kawowa.

Masallaci yana da tasa matsala da ta cancanci a tsaya a kanta. Daga Kano alƙibla tana wajen digiri 68 daga arewa, wato gabas da ɗan karkata arewa. Tunda ana son sahu ya yi tsawo, dogayen bangaye biyu suna kallon gabas da yamma ne, daidai yadda ake hana sauran gine-gine tsayawa, kuma ba a isa a juya shi ba. Bangon baya, inda manyan ƙofofi suke, shi ke shan ranar la'asar. Abin da ya kamata a gwada a nan shi ne zurfin barandar baya, mita uku ko huɗu, da ƙananan tagogi can sama a gefen arewa da kudu, da jadawali na gaskiya: cika biyar gajeru a yini, da babbar cikar Juma'a da azahar, da tarawihi da tahajjud a azumi. Wanda ya saya wa masallaci esi da lissafin ofis zai iya sayen abin da bai dace da buƙata ba, kuma esin da ya yi wa ɗaki girma yana kashe kansa da wuri ya bar danshi a iska da damina.

Game da ginin ƙasa, muna so a yi masa adalci ba tare da kambamawa ba. Bangon tubali mai kaurin santimita 40 yana jinkirta zafin rana wajen awa goma kafin ya ratso, shi ya sa zaure da soro ke da sanyi da rana. To zafin nan bai ɓace ba, da dare yake fitowa, kuma shi ya sa ake kwana a tsakar gida da bazara. Saboda haka kauri ya fi amfanar ginin da ake zama a ciki da rana, kamar makaranta da ofis, ɗakin kwana kuwa yana son abin da ke hucewa da sauri. Maginan da suka yi Gidan Makama da tsohon masallacin Juma'a na Zariya sun san wannan ta hanyar gado da gwaji, kuma aikin da Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka kammala a Dandaji ta Nijar a 2018 da bulon ƙasa matsattse ya nuna hanyar ba ta mutu ba. Abin da ya rage wa jami'o'inmu, irin su ABU Zariya da Bayero, shi ne su auna yadda zafi ke ratsa bulon siminti da tubali da jan bulo na yankunanmu, su buga alƙaluman a wuri guda inda kowane mai gwaji zai ɗauka.

Lokacin yin gwajin shi ne makon farko na zane, da gini mai siffar akwati kawai, lokacin da juya fuska ko rage taga bai ci ko kwabo ba. A raba kowane bene zuwa yankuna, mita huɗu da rabi daga kowane bango yanki ɗaya, tsakiya yanki ɗaya, domin idan aka haɗa su zafin yamma zai ɓuya a cikin sanyin arewa. A fara da zanen yadda yake, sannan a riƙa sauya abu ɗaya-ɗaya ana rubuta bambancin. Gwajin da aka yi bayan an zuba dekin ba ya gyara komai, hujja kawai ake nema da shi.

Mai ba da aiki ba sai ya iya manhaja ba kafin ya kare kuɗinsa. Ya nemi rahoton ya faɗi sunan fayil ɗin yanayi, da lambobin gilashi da bango da rufi da inda aka samo su, da jadawalin zama, da yawan wutar da kowace murabba'in mita za ta sha a shekara a rarrabe tsakanin esi da fitilu da na'urori, da awannin da esi ya kasa kai ɗaki inda ake so, waɗanda bai kamata su wuce 300 a shekara ba, da sakamakon gwajin ɗauke wuta, da taswirar haske ta kowane bene. A kuma sa a yarjejeniya cewa bayan shekara guda da tarewa za a kwatanta hasashen da mita da rasit ɗin dizal. Ƙa'ida ta 14 ta ASHRAE ta ce idan da alƙaluman wata-wata aka kwatanta, bambancin jimillar hasashe da abin da aka auna kada ya wuce kashi 5. A Birtaniya, binciken PROBE da aka yi daga 1995 zuwa 2002 a kan gine-ginen da aka riga aka tare ya gano da yawansu suna shan wuta fiye da yadda aka zata, galibi saboda yadda ake tafiyar da su da abin da aka sauya wajen gini. Don haka a sa mita daban a layin esi tun ana jan waya.

Roƙonmu ga hukumomin tsara birane na jihohi, irin su KNUPDA a Kano, shi ne su sa wannan rahoto cikin takardun neman izinin duk wani babban ginin ofis ko asibiti ko makaranta. Ga ARCON da COREN kuma, hukumomin da ke yi wa masu zanen gine-gine da injiniyoyi rajista, su sa gwajin zafi da haske cikin horon da ake yi wa mambobinsu. Masu ba da kuɗin gine-ginen manyan makarantu da azuzuwan firamare su ma su gwada zanen da suke maimaitawa a gari-gari sau ɗaya da fayil ɗin Sakkwato, sau ɗaya da na Jos, su kuma rubuta a jikin zanen inda doguwar fuskar za ta kalla kafin a miƙa wa ɗan kwangila.

Mun gode, Edita. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Daga wasu masu zanen gine-gine da injiniyoyi,
Kano.